A Tambayi Taga Kafin A Sayi Fure

A shagunan sayar da shuke-shuke na Landan ko Shikago, akan jera tukwanen furanni a layi guda, a rataya musu allo ɗaya mai cewa tsirran ƙasashe masu zafi ne. Wannan allo shi ne mafarin asarar da yawancin masu ajiye furanni a ɗaki suke tafkawa. Duk wanda ya san Nijeriya ya san cewa Kano da Kalaba duka ƙasar zafi ce, amma dabino ba ya albarka a Kalaba, kwakwar manja kuwa ba ta jure ranin Kano. Saboda haka, wanda ya riga ya tara shuke-shuke masu ganye a ɗakinsa, yake kuma son ya ƙara masu fure, bai kamata ya fara da shago ba. Tagarsa ya kamata ya fara dubawa.

Dalili kuwa shi ne, fure ya fi ganye cin haske. Tsiron ganye yakan daɗe a lungu yana lallaɓawa, amma tsiro ba ya fid da fure sai ya tara abincin da ya wuce bukatar rayuwarsa, kuma da hasken rana yake haɗa abincin nan. A watan Disamba, yinin Kano ya haura awa 11, na Landan kuwa a ƙarshen watan bai cika awa 8 ba, ranar ma ba ta ɗagawa sama sosai. A irin waɗannan ƙasashe na arewacin duniya, tagar da ke fuskantar kudu ita ce mai rana, ta gabas tana samun hantsi mai laushi, ta arewa kuwa kusan inuwa ce zalla.

Abin mamaki, furannin da suka fi dacewa da ɗakin Turai su ne waɗanda asalinsu ba su saba da rana mai ƙuna ba. A shekarar 1892 wani jami'in mulkin mallaka na Jamus, Walter von Saint Paul-Illaire, ya ga wani ɗan tsiro mai shuɗin fure a duwatsun Usambara na ƙasar Tanzaniya ta yau, ya aika da irinsa gida, aka raɗa masa suna Saintpaulia. A inuwar kurmi yake tsirowa, a tsagin duwatsu masu danshi, don haka tagar gabas ta ishe shi ya yi ta fure akai-akai. Abin da ba ya so shi ne ruwan sanyi a kan ganyensa, shi ya sa ake zuba masa ruwa ta ƙarƙashin tukunya. Haka nan okid ɗin nan mai suna Phalaenopsis, ɗan kurmin kudu maso gabashin Asiya. A jikin itatuwa yake maƙalewa, saiwoyinsa a sarari, don haka a ɓawon itace ake dasa shi, ba a ƙasa ba. Furensa yakan kai wata 2 ko 3 bai zube ba. Ba yunwa ke kashe shi ba, yawan ban ruwa ne.

Amma zuciyar ɗan Sahel ba wajen waɗannan take karkata ba. Idan ya hangi kariya a shago, wadda masana ke kira Adenium obesum, da kumburarren gindinta da jan furenta, sai ya ji kamar ya haɗu da ɗan garinsu a tasha. Ita ce dai wadda ke fure a tsakiyar rani, rassanta tsirara babu ganye, lokacin da duk daji ya bushe. Manoman furanni na Tailan da Taiwan sun aurar da ire-irenta har sun samar da masu launi iri-iri, suna sayarwa duniya. Kewar gida ba abin raini ba ce, kuma babu mai ikon hana baƙo son abin da ke tuna masa da mahaifarsa. Sai dai kariya ba ta san kewa ba, rana ta sani. A ɗakin da tagarsa ke kallon arewa, rassanta kan miƙe su sirance, ta ƙi fure, sannan idan aka ci gaba da ba ta ruwa cikin sanyi, gindin ya ruɓe. Wanda ya nace sai ita, to ya tanadi tagar kudu, da ƙasa mai yashi wadda ba ta riƙe ruwa, ya kuma kare ta daga sanyin da ya yi ƙasa da digiri 10 a ma'aunin Salshiyas. Fitilar lantarki ta musamman tana iya cike giɓin rana, amma fitilar ya kamata a fara saya, ba furen ba. Akwai kuma maganar yara: kyan kariya kyan ɗan maciji ne, domin ruwan jikinta dafi ne mai taɓa zuciya, har maharba a sassan Afirka sun daɗe suna shafa shi a kibiya.

Mazaunin Jidda ko Khartum lissafinsa daban ne. Shi kariya a barandarsa take jin daɗi, okid ne zai wahala da busasshiyar iskar na'urar sanyaya ɗaki, kamar yadda na'urar ɗumama ɗaki a Turai take busar da iska ta zama tamkar ta hunturu.

Sauran abin lura shi ne shagon kansa. Furen da ake gani a buɗe ranar ciniki ba shaida ba ne cewa tsiron zai sake yin haka a gida, domin galibi a gidajen gilashi, irin na ƙasar Holan, aka raine shi, inda ake auna masa haske da ɗumi da taki. Kalanchoe, 'yar tsibirin Madagaska, misali ce mai kyau: ba ta sake fure sai ta sami duhun kusan awa 14 kowane dare har wajen mako 6, abin da falon da ake kunna fitila har tsakar dare ba zai ba ta ba. Mai saye ya zaɓi tukunyar da yawancin furenta bai buɗe ba tukuna, ya juya ganye ya duba bayansa, ko akwai fararen ƙwari masu kama da auduga ko siririyar yana. Idan ya kai gida, ya ajiye baƙon a wani ɗaki na mako 2 ko 3 kafin ya haɗa shi da sauran, domin ƙwarin tukunya ɗaya suna iya bin duk shukar da aka yi shekaru ana reno.