Turancin Titi Ya Tsaya a Titi



Akwai abin da ke ci mini tuwo a ƙwarya game da yadda mu matasan zango muke Turanci. Daga Nima a Akara har zangon Kumasi, da wuya ka ji saurayi ya haɗa jimla biyu bai sa "chale" ko "I dey" ko "abeg" ba. A WhatsApp kuma abin ya fi muni: "you" ta koma "u", "good" ta koma "gud", gaisuwa kanta an yanke mata wutsiya. Har malami ake tura wa irin wannan saƙo, babu ko kunya!

Ni ban ce buroka abin ƙyama ba ce. Tana da tarihinta. A bakin teku ta tashi, wajen ciniki da Turawa, kuma tana ɗauke da kalmomin Fotugis, mutanen da suka gina ganuwar Elmina a 1482. "Sabi" da "pikin" daga harshensu suka fito, "wahala" kuwa ai tamu ce. BBC ma ta buɗe sashen buroka a 2017. To a tasha, ko kasuwa, ko filin ƙwallo, kowa ya yi abinsa.

Damuwata ita ce da yawanmu ba ma iya ajiye ta in an zo wurin da ba nata ba. Baki ya saba, hannu ma ya bi baki. A jarrabawar WASSCE da hukumar WAEC ke shiryawa, Turanci darasi ne na dole, kuma jami'o'inmu suna neman aƙalla C6 a cikinsa. Mai duba takarda ba abokinka ba ne, ba ruwansa da abin da kake nufi a zuci, abin da ka rubuta zai duba. Yaro ya iya lissafi, ya iya kimiyya, amma Turanci ya riƙe shi a gida, iyaye su sake neman kuɗin rajista. Wannan fa ba ƙaramar asara ba ce.

Mu 'yan makarantar Larabci bai kamata a ce sai an koya mana wannan ba. Mun san bambancin Fusha da Ammiyya. Bamisire yana hira da Ammiyya a kasuwar Alƙahira, amma in ya ɗauki alƙalami zai rubuta wasiƙar hukuma, Fusha yake komawa. Mu da muke zama mu haddace nahawu, malam ya tsayar da mu saboda wasali ɗaya, me zai sa mu raina ƙa'idar Turanci?

Shawarata ga 'yan'uwa guda uku ce. Na farko, duk saƙon da za ka tura wa malami ko wani babba, cika kalmominka. Na biyu, a cikin aji mu daina yi wa mai ƙoƙarin Turanci mai kyau dariya muna cewa yana iyayi. Na uku, mu riƙa karanta jarida kamar Daily Graphic, ko da shafi ɗaya ne a mako, domin ido ya saba da rubutu na ƙa'ida. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Allah ya ba mu sa'a a jarrabawarmu, amin.