TARAYYAR AFIRKA: WANDA YA CI LADAN KUTURU...

Da sunan Allah Mai rahama Mai jin ƙai. Tsira da amincin Allah su tabbata ga Manzonsa da alayensa da sahabbansa.

Bayan haka, ya 'yan'uwa, a watan Satumba na 2023, a birnin New Delhi na ƙasar Indiya, ƙungiyar manyan ƙasashe masu ƙarfin arziki da ake kira G20 ta ba Tarayyar Afirka kujerar dindindin. Gidajen rediyo suka yi ta guɗa, wai Afirka ta samu murya a duniya. Mu kuwa tambayarmu guda ce: idan ta zauna bisa kujerar, da bakin wa za ta yi magana?

Wataƙila wani ya ce ina ruwan manomin Sanyinna da abin da ake ƙullawa a Adis Ababa? Ruwansa ne har da tsaki, kuma ga hujja.

A ranar 10 ga Maris 2011, da rikicin Libiya ya ɓarke, Kwamitin Zaman Lafiya da Tsaro na Tarayyar ya ƙi amincewa da shigar sojojin waje, ya kafa kwamitin shugabanni don yin sulhu. Mako guda bayan haka, a ranar 17 ga wata, aka kawo ƙuduri mai lamba 1973 gaban Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya, wanda ya buɗe wa jiragen NATO ƙofa. Ƙuri'a tara ake bukata, aka samu goma. Uku daga cikinsu na Afirka ne: Nijeriya, Afirka ta Kudu da Gabon. Rasha da Sin da Indiya da Brazil, har da Jamus, duk sun ƙaurace. Da biyu daga cikin namu sun janye hannu, da ƙudurin ya faɗi. Ranar 19 ga wata aka fara ruwan bama-bamai, kuma shugabannin da aka naɗa don sulhu, suna taro a Nuwakshot, aka hana su izinin tashi zuwa Tarabulus.

Ba muna wanke Gaddafi ba ne. Mun san abin da ya yi wa malamai da masu adawa da shi a kurkukunsa. Abin da muke nunawa shi ne nahiya ta yanke shawara a ɗakinta, sannan 'ya'yanta suka je Niyok suka warware ta da hannunsu. Zomo ba ya fushi da makashinsa, sai da maratayinsa. A Oktoban shekarar aka kashe Gaddafi a Sirt, garin da aka ɗauki shawarar kafa Tarayyar a 1999. Aka fasa rumbunan makamai, suka bazu cikin Sahel, arewacin Mali ya faɗi a 2012, wutar ta yi ta ci har ta iso iyakokinmu. Ba mu ce Libiya kaɗai ta haifi 'yan bindiga ba, domin zalunci da talauci da sakacin hukuma namu ne na gida. Amma manomin ƙasar Kebbe da ya bar gonarsa saboda tsoro yana da haƙƙin ya tambayi yadda aka jefa waccan ƙuri'a da sunansa.

Hujja ta biyu ta fi kusa da gida. A Afrilun 2021, da Idris Debi ya rasu, ɗansa Mahamat ya karɓi mulkin Chadi da ƙarfin soja, aka jingine tsarin mulki. Shugaban Faransa ya zo jana'iza da kansa, Tarayyar Afirka kuwa ba ta dakatar da Chadi ba. A ranar 26 ga Yuli 2023 sojoji suka kifar da Muhammad Bazum a Nijar. ECOWAS ta rufe iyakoki ta yi barazanar yaƙi, Nijeriya ta yanke wutar lantarki, Tarayyar ta dakatar da Nijar a Agusta. Laifi iri ɗaya, hukunci iri biyu. Motoci suka yi jerin gwano a Illela da Kamba, albasa ta ruɓe, aka raba ɗan Sakkwato da ɗan'uwansa na Birnin Ƙonni wata da watanni, sai a Maris 2024 aka buɗe. Kuma a lokacin da sojojin Yamai suka ƙi karɓar tawagar haɗin gwiwa ta Tarayyar da ECOWAS da Majalisar Ɗinkin Duniya, malaman addini daga Nijeriya ne suka samu zama da Janar Tiani. Ashe amanar da ke tsakanin al'ummomin nan ta fi takardun jakadu nauyi.

To, me ya kawo wannan rauni? Kuɗi. An buɗe ginin hedikwatar Tarayyar a Janairun 2012, kyauta daga ƙasar Sin, a kan kimanin dala miliyan 200. A 2018 jaridar Le Monde ta Faransa ta ba da labarin cewa an daɗe ana kwashe bayanan ginin zuwa Shanghai, duk da cewa Sin ta musanta. Sojojin da Tarayyar ta tura Somaliya tun 2007, Tarayyar Turai ce ta riƙa biyan alawus ɗinsu. A taron Kigali na 2016 shugabanni suka amince da harajin kashi 0.2 cikin ɗari a kan wasu kayan da ake shigowa da su, don ƙungiyar ta ci da kanta, amma shekaru suka shuɗe waɗanda suka aiwatar ba su kai rabin ƙasashe 55 ba. Wanda ya ci ladan kuturu, tilas ya yi masa aski.

Masu kare Tarayyar za su ce talauci ne, kuma mai rauni ba ya jayayya da mai ƙarfi. Muna tunatar da su Janairun 1976. Shugaban Amurka Gerald Ford ya aiko wa shugabannin Afirka wasiƙa yana nuna musu inda za su tsaya game da Angola. Janar Murtala Muhammad ya sa aka buga wasiƙar kowa ya gani, ya tafi Adis Ababa ya tsaya tare da MPLA a gaban taron Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka. Haka kuma a Fabrairun 2023, da Afirka ta Kudu da Aljeriya suka kafe a kan matsayin 'yar kallo da Musa Faki ya ba Isra'ila a 2021, an fitar da jami'ar Isra'ila daga zauren taro. Duk lokacin da aka samu masu tsayawa, magana takan yi tasiri. Abin da aka rasa shi ne dogewa.

Saboda haka muna kira ga malamai da ɗalibai da su daina ɗaukar harkokin waje a matsayin sha'anin 'yan boko kaɗai. Amana ce, domin da sunanmu ake ɗaga hannu. Mu bi diddigin ƙuri'ar da wakilan Nijeriya ke jefawa a Adis Ababa da Niyok, mu bayyana ta a darussanmu. Idan wakilanmu na Majalisar Tarayya sun zo Tambuwal neman goyon baya, mu tambaye su matsayinsu a kan rufe iyaka da yaƙar maƙwabta, da kuma kuɗin da ƙasarmu ke bayarwa don ƙungiyar ta daina bara.

Allah Ya ba mu shugabanni masu tsoronsa fiye da tsoron masu ba su bashi, Ya dawo da aminci a ƙasarmu da ta maƙwabtanmu. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.