Wadda ta yi allurar ciko: salla ba ta faɗi a kanta ba, jinyarta ba ta faɗi a kanku ba



Godiya ta tabbata ga Allah da Ya halicci mutum Ya kyautata surarsa. Tsira da aminci su tabbata ga Annabinmu Muhammadu da alayensa da sahabbansa. Bayan haka:

Ya ku ƴan'uwa, tambayoyi sun yawaita a wannan zaure game da allurar ciko, wadda ƴan zamani ke ce wa filla: wani abu mai kauri da ake ɗurawa ƙarƙashin fata domin leɓe ya cika, ko kunci ya taso, ko hanci ya miƙe. Ba a tambayarmu kafin a yi. Sai fuska ta kumbura, sannan saƙo ya zo cikin dare: Malam, alwalata ta yi? Malam, yaya zan yi sujada? Abin da ya sa na ɗauki alƙalami kuwa shi ne amsar da wasu masu wa'azin salula suka riga suka ba waɗannan bayin Allah, amsar da za ta iya raba mace da sallarta da kuma idonta a rana guda.

Hukuncin aikin kansa ba zan yi masa kwana-kwana ba. Mace ko namiji mai lafiyayyar fuska da ya je a sauya masa ita don kwaikwayon hotunan TikTok ya shiga abin da shari'a ta hana. Suratun Nisa'i ta ba mu labarin cewa sauya halittar Allah yana cikin abin da Shaiɗan ya yi alkawarin zai umarci mutane da shi, kuma hadisin Ibnu Mas'ud a Buhari da Muslim ya tsananta a kan zanen jarfa da fiƙe haƙora don neman ƙarin kyau. Gyaran aibu daban ne. Sahabi Arfaja ɗan As'ad an sare masa hanci a wani yaƙi tun zamanin jahiliyya, ya sa na azurfa ya yi wari, Manzon Allah (SAW) ya umarce shi ya sa na zinariya. Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na Maleshiya a 2007, a kan wannan iyakar ta tsaya: mayar da gaɓa yadda take bayan ƙuna ko haɗari ko cuta ya halatta, sauya lafiyayyar sura don son zuciya bai halatta ba. Wadda ba ta yi ba, kada ta yi.

To amma wadda ta riga ta yi fa? A nan ne malaman ƙarya suka buɗe shago.

Sun ce mata sallarta ba ta karɓuwa har kwana arba'in. Daga ina? Maganar kwana arba'in a kan mai zuwa wurin boka da mashayin giya ta zo, ba a kan allura ba, kuma ko waɗancan ɗin malamai ba su ce salla ta faɗi a kansu ba. Wajibi ne su ci gaba da yin ta. Wanda ya ɗauko hukunci daga wani babi ya maƙala shi a wani babin don ya tsorata mace, ya yi wa shari'a ƙarya, kuma duk sallar da ta bari saboda maganarsa yana da kaso a nauyinta.

Sun ce mata alwalarta da wankanta ba sa inganta, wai abin yana hana ruwa shiga. Duk yaron da ya karanta Ahalari ya san abin da ake nufi da shamaki: abin da ya hau kan fata ya tare ruwa, kamar fentin farce ko kakin zuma. Ciko yana ƙarƙashin fata ne, kuma ba a taɓa umartar kowa da wanke ƙarƙashin fatarsa ba. Alwalarta ta yi, wankanta ya yi.

Akwai wurin da ruɗun ya fi tsanani a garemu mu mabiya mazhabar Imamu Malik, shi ne cuɗanya. Likita zai ce mata kada ta murza wurin, kada ta danna shi na kwana ɗaya ko biyu, domin abin bai gama zama ba kuma ramukan allura sababbi ne. Ita kuma ta san cuɗanya farilla ce a alwala. Sai ta zaci dole ta zaɓi ɗaya, ko fuskarta ko sallarta. Ba haka ba ne, ƴata. Cuɗanya a wurin malamanmu ita ce bin gaɓa da tafin hannu tare da ruwa ko bayan zuba shi. Ba dirza ba ce irin ta wankin tukunya. Ki wanke hannunki da sabulu, ki kai ruwa mai tsabta fuskarki, ki bi da tafin hannu a hankali, kin sauke farilla. In akwai filasta a wurin, ko likita ya ce kada ruwa ya taɓa shi, hukuncin shafa a kan ɗauri yana nan cikin littattafanmu tun kafin a haifi kakanninmu: ki wanke inda ke lafiya, ki shafa a kan ɗaurin. Sujada kuwa a goshi take tabbata. Wadda aka yi wa a leɓe ko kunci ba abin da ya hana ta. Wadda aka yi wa a hanci ta sauke shi ba tare da dannawa ba. In sunkuyawar za ta cutar da ita da gaske, ta yi nuni, kamar kowane majinyaci. Azumi ma bai karye ba, domin allurar da ba ta tsaya matsayin ci da sha ba, ba ta karya shi. Haka waccan majalisar ta yanke a zamanta na Jidda a 1997.

Mafi munin fatawarsu ita ce ta uku: wai tuba ba ta cika sai an fitar da abin, ko ta halin ƙaƙa. Sai ka ji ana shawarar a kira wanzami ya yi tsaga, ko a kafa ƙaho a zuƙe, ko a gasa wurin da ruwan zafi a matse. Subhanallah! A fuska? Ku tuna da labarin da Abu Dawuda ya ruwaito na mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, wanka ya wajaba a kansa, ya tambayi abokansa ko yana da sauƙi, suka ce babu, ya yi wanka ya mutu. Manzon Allah (SAW) bai yaba musu da tsantseni ba. Kisan ya jingina musu, ya zarge su da rashin tambaya a kan abin da ba su sani ba. Ko a zanen jarfa, wanda nassi ya ambata da suna, malamai sun ce in cire shi zai jawo cuta mai tsanani ba a tilasta shi, nadama da ƙudurin rashin komawa sun wadatar.

Kuma ga abin da waɗannan masu fatawa ba su sani ba. Mafi yawan cikon da likitoci ke amfani da shi ana yin sa ne da wani sinadari mai suna asid hiyaluronik, wanda jiki ke narkar da shi da kansa a hankali, galibi tsakanin wata 6 zuwa 18. In buƙata ta kama, akwai allurar da ke narkar da shi, sunanta hiyaluronidaz, kuma aikin likita ce. Amma abin da ake ɗura wa mutane a bayan ɗakin kitso daga kwalba marar suna, wani lokaci ruwan silikon ne ko wani mai, wanda ba ya narkewa har abada, yana iya tafiya cikin nama, ya dunƙule, ya yi gyambo bayan shekaru. Hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2017 a kan ɗura silikon don ƙara girman sassan jiki, ta sake yi a 2021 a kan ƴan na'urorin da ke harba ciko cikin fata ba tare da allura ba. Saboda haka farkon abin da ya kamata miji ko uba ya tambaya ba "me ya kai ki?" ba ne. Tambayar ita ce: me aka sa miki, ina kwalinsa, wa ya yi? A ɗauki hoton kwalin a adana, domin likita zai nema.

Ya ku iyaye da mazaje, ku koyi bambanta kumburin da za a yi haƙuri da shi da wanda ba a kwana da shi. Ɗan kumburi, da tsami, da taruwar jini a inda allura ta shiga, wannan an saba, yana sauka cikin kwanaki, zuwa mako biyu ya lafa. Maganinsa tsumma mai tsabta da aka naɗe ƙanƙara a ciki a ɗora a hankali, da ɗaga kai da matashi wajen barci, da barin hoda da jan baki na kwana ɗaya. A nisanta ta da zafi na kwana biyu: bakin murhu, da rana tsaka, da aikin ƙarfi, da turaren tsuguno da dilka da ake yi wa amare, wanda sau da yawa a makon ne ma ake zuwa yin allurar. Ciwo a sha parasetamol. Asfirin da ibuprofen suna ƙara taruwar jini, sai dai wanda likita ya ɗora a kan asfirin don wata cuta kada ya daina da kansa. Man zafi da gashi, waɗanda muka saba da su a targaɗe, a nan ɓarna suke yi.

Wanda ba a kwana da shi kuwa shi ne in abin ya toshe hanyar jini. Alamarsa ciwo mai tsanani da ke ƙaruwa maimakon raguwa, da fata ta sauya launi. A littattafan Turawa za a ce ta yi fari. A irin fatarmu sau da yawa toka-toka take yi, ko ta yi dabbare-dabbare, ko ta ƙara duhu ta yi sanyi, daga baya ƙananan ƙuraje su feso. Naman wurin ne ke mutuwa, kuma da awoyi ake ƙirga lokacin cetonsa. In gani ya dushe, ko ido ɗaya ya rufe, ko kai ya sara tare da nauyin harshe ko mutuwar hannu, to da mintoci ake ƙirgawa, kuma ganin da ya tafi ta wannan hanyar sau da yawa ba ya dawowa. Hanci da goshi da tsakanin gira su ne wuraren da suka fi wannan haɗarin. Bahaushe bai yi ƙarya ba da ya yi maganar mai neman gira da ya rasa ido. Haka kuma in bayan kwanaki wurin ya yi zafi, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ta, ƙwayar cuta ce ta shiga. Duk waɗannan babban asibiti ne wurinsu, a Maraɗi kake ko Damagaram ko Tawa ko Yamai, ba teburin mai sayar da ƙwayoyi a tasha ba. Ko ana kiran salla ne, ɗauke ta ku tafi; ceton gaɓar Musulmi ba ya jiran a idar da jam'i.

Me ke hana a tafi da wuri? Kunya, kuma mu muka dasa ta. Yarinya ta ji abin da ake faɗa a majalisa da abin da ake turawa a WhatsApp, ta san in ta buɗe fuska za a ce hukuncin Allah ne ya kama ta. Sai ta ja niƙabi, ta ce haƙori ke mata ciwo, ta kwana uku a ɗaki har leɓe ya yi baƙi. In an kai ta asibiti ma ta ɓoye wa likita gaskiya, ya yi ta maganin abin da ba shi ba. Wa ya naɗa ka mai rabon azabar Allah? An kawo wa Manzon Allah (SAW) mutumin da ya sha giya, aka tsayar masa da haddi, da wani ya buɗe baki ya yi masa mugun fata sai ya hana, don kada a taimaki Shaiɗan a kansa. Wancan giya ya sha. Kai kuma ƴarka ce, ko matar da wataƙila kai ne ka yi ta nuna mata hotunan wasu mata kana gwada ta da su har ta sayar da ɗan kunnenta ta je. Ka fara tuba kafin ka nemi tata.

Saura ku masu riƙe sirinji ba tare da karatun likita ba, da kuka koyi sana'ar a bidiyo kuna karɓar jikkunan mutane. Shari'a ta ɗora lamuni a kan wanda ya yi aikin likita alhali ba a san shi da shi ba. Hadisin yana cikin Abu Dawuda da Nasa'i da Ibnu Majah. Ku buɗe babin diyya a Risala ku gani: ido ɗaya rabin diyya ne, hanci diyya ce cikakkiya. Yardar yarinyar da ba ta san abin da ke cikin kwalbar ba, ba za ta wanke ku ba. In kuka maimaita allura ɗaya ga mutum biyu kuka sa wa wata ciwon hanta ko ƙanjamau, wannan ma yana wuyanku. Wadda kuka yi wa in ta kira ku tana kuka, haramun ne ku ce ta ƙara haƙuri ko ku kashe waya. Ku faɗa mata sunan abin da kuka sa, da yawansa, da wurin da allura ta shiga, ku raka ta asibiti da ƙafarku ku faɗa wa likita da bakinku.

Mai tambayar da ta shafi halinta ita kaɗai ta aiko ta hannun malamar makarantar matan aure bayan sallar la'asar, ba sai ta ambaci suna ba. Amma wadda ke jin ciwon nan da na siffanta a yanzu haka, kada ta jira amsata.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.