Tattaki Zuwa Gurara: A Tambayi Kogi Kafin A Sa Rana

'Yan'uwa ɗalibai, da ku magabatanmu da kuka riga kuka kama aikin gwamnati, abin farin ciki ne yadda sha'awar fita yawon buɗe ido take ƙaruwa a tsakaninmu. Da zarar hutu ya ƙarato, sai a ga ƙungiyoyi suna tara kuɗin mota, ana neman aron tanti, ana shawarar inda za a ya da zango na kwana biyu ko uku. Mafaɗar ruwa ta Gurara, wadda ke cikin Jihar Neja a gefen hanyar Suleja zuwa Minna, tana cikin wuraren da aka fi ambata. Muna goyon bayan wannan ɗabi'a, domin kuwa abin kunya ne a ce ɗalibi ya san labarin Nayagara ta Amurka a cikin littafi, alhali bai taɓa tsayawa gaban Gurara, ko Assop ta Filato, ko Farin Ruwa ta wajen Wamba ba. Abin da ba mu yarda da shi ba shi ne yadda muke raina shirin tafiyar saboda gajartarta.

Ga yadda lamarin kan kasance. A zauna a kwashe sa'o'i ana muhawara a kan shinkafa da gwangwanin kifi, da wanda zai zo da abin kiɗa, amma da an zo maganar tattaki daga zango zuwa bakin ruwa, sai wani ya ce ai ba nisa, nan da nan ne. Shi ke nan an rufe zance. Gajartar nan kuwa ita ke sa mutum ya fito da silifa, ba gorar ruwa, ba tocila, ba kuma wanda ya ƙidaya mu nawa muka tashi.

Mu duba kogin kansa. A Gurara ruwa yana faɗowa daga tsawon kimanin mita 30, kuma fuska biyu gare shi. Da rani, musamman daga Janairu zuwa Maris, ruwan kan janye, duwatsu su bayyana, mutum ya iya sauka ƙasa cikin natsuwa. Da damina kuwa, wajen Agusta da Satumba, sai ya cika ya batse, ya yi ja, rurinsa ya hana ka jin maganar na kusa da kai. A lokacin ne ya fi ban sha'awa, a lokacin ne kuma hutunmu ya fi faɗowa, shi ya sa muke ruguwa can a daidai sa'ad da ya fi haɗari. Feshin ruwa yana jiƙa duwatsu, gansakuka ta lulluɓe su, santsinsu ya fi na sabulu. Wanda ya zame a irin wannan wuri, iya iyo ba ya cetonsa, don kafin ya yi wani yunƙuri ruwa ya riga ya buga shi da dutse.

Akwai kuma wani abu da mu 'yan birni ba mu cika kula da shi ba. Kogin Gurara daga nesa yake tahowa, ya ratso kudancin Jihar Kaduna kafin ya iso nan. Saboda haka ana iya tafka ruwan sama can sama da mu, alhali a kanmu rana tana haskawa garau, sa'an nan kogi ya kawo ba sallama. Dutsen da aka zauna a kansa ana ɗaukar hoto da hantsi, kafin azahar yana iya zama tsibiri. Kallon sararin sama bai isa shaida ba. Launin ruwa idan ya fara sauyawa, da itatuwa da ganyaye idan suka fara taso kansa, su ne alamun da ya kamata a bar bakin kogi nan take.

Su wane ne suka san waɗannan alamu? Gwarawan da ke noma a kewayen wurin tun kaka da kakanni. A nan ne fa girman kan boko yake cutarmu. Sai ka ga ɗan jami'a yana ganin ƙasƙanci ne ya je ya gai da mai gari, ya nemi a haɗa shi da ja-gora, wai shi yana da taswira a cikin wayarsa. Taswira ba ta san wane dutse ne yake girgiɗi ba, ba ta san inda maciji yake shan inuwa ba, balle ta gaya maka ko an ga baƙin fuska a dajin cikin makon nan. Wannan batu na ƙarshe ba abin wasa ba ne, gama kowa ya san irin ɓarnar da 'yan bindiga masu satar mutane suka yi a sassan Neja da Kaduna cikin shekarun nan. Kwana a tanti a fili, ba tare da sanin hukuma da yardar mutanen gari ba, ganganci ne. In sun ce a kwana cikin gari, to a kwana cikin gari, tanti ya jira wata shekara.

Sauran shirin ba shi da wuya. Takalmi mai kama ƙasa, ruwan sha daga gida, akwatin magani, da riga mai dogon hannu, domin ƙananan baƙaƙen ƙudajen nan masu yaɗa cutar makantar bakin kogi a ruwa mai gudu suke hayayyafa, da rana kuma suke cizo. A tashi da sassafe, a tsai da lokacin juyowa tun daga zango, a ce ƙarfe 3, kuma a juyo ɗin ko da wasu ba su ƙoshi da kallo ba, saboda duhu ba ya jinkiri bayan magariba.

Wasu za su ce mun cika tsoro, kuma yawan doka yana kashe daɗin yawo. Muna jin su. Amma shugaban tafiyar da ya ɗebi mutum 30 daga makaranta, shi ne zai tsaya gaban iyaye idan 29 suka komo.

Saboda haka muna kira ga Majalisar Ƙungiyar Ɗalibai da kada ta ba kowace ƙungiya mota ko gudummawar kuɗi don irin wannan tafiya, sai ta kawo a rubuce sunayen matafiya, da sunan ƙauyen da za a sauka, da shaidar cewa an aika mutum biyu tun da wuri sun gana da mai gari sun kuma sami ja-gora. Tafiyar da aka shirya don sauka ƙasan ruwa kuwa, a ɗaga ta zuwa rani. Masu son ganin Gurara a cike da damina su je, amma daga tudu za su yi kallo.