Miƙewa tsaye ba shaidar lafiya ba ce

A watan Maris na 2009, 'yar fim ɗin Ingila Natasha Richardson ta faɗi tana wasan zamiya a kan ƙanƙara a Kanada. Ta miƙe tana magana, ta ce ba ta buƙatar likita. Bayan kwana biyu ta rasu, domin jini ya taru a ƙarƙashin ƙoƙon kanta. Haka wannan rauni yake: jijiya ta tsinke a ciki, mutum ya yi sa'o'i garau, jinin kuwa yana ta matse ƙwaƙwalwa. Shi ya sa muke ganin babban kuskure ne a kakkaɓe wa ɗan acaɓan da ya buga kai da kwalta ƙura, a ce "Allah ya kiyaye gaba", kowa ya watse.

Za a ce hoton CT, wanda ake duba cikin kai da shi, da tsada, asibitin da ke da na'urar kuma da nisa. Gaskiya ne, kuma ba kowane bugu ke buƙatar hoto ba. Amma sa ido ba ya cin ko kwabo. Wani ya kwana kusa da wanda ya buga kan. In ya yi ta amai, ko ciwon kai ya ƙaru, ko tashinsa daga barci ya yi wuya, ko ruwa ya fito ta kunne ko hanci, ko ya yi jijjiga, a nufi asibiti a daren nan, kada a jira safiya. Likitan tiyata kan buɗe ƙoƙon kai ya kwashe gudan jinin, kuma wanda aka kai da wuri yakan warke sarai.