Sharhi: A Fara Sanin Awo Kafin Lissafin Sigina

Duk sautin da kwamfuta ke sarrafawa ba ya shiga cikinta sai an mayar da shi jerin lambobi, wato ana auna ƙarfinsa sau dubbai a kowace daƙiƙa, kamar yadda faifan CD ke ɗaukar awo 44,100. Daga waɗannan lambobi ne lissafin Fourier yake fitar da yawan kaɗawar da ke cikin sautin, kuma tun da masana biyu, Cooley da Tukey, suka wallafa hanyarsu mai sauri ta yin wannan lissafi a 1965, aikin da kan ci ninkawa kusan miliyan ɗaya a kan awo 1,024 ya ragu zuwa kimanin dubu goma. Sai dai wannan sauƙi ya sa ɗalibai da yawa suna dogara ga manhaja suna mantawa da ƙa'idar Nyquist, wadda ta ce dole yawan awo ya zarce ninki biyu na kaɗawa mafi girma, in ba haka ba kaɗawa mai sauri za ta bayyana a matsayin mai jinkiri, kuma babu lissafin da zai gyara wannan kuskure daga baya. Don haka wajibi ne malamai su fara koyar da ƙa'idar awo kafin su miƙa wa ɗalibi kwamfuta.