Dutsen Kamaru: Wuta a Ciki, Ruwa a Gadon Baya

A wannan fitowa za mu nufi kudu maso yammacin Kamaru, can bakin teku, inda Dutsen Kamaru ya yi wa garin Buea rumfa. Ƙololuwarsa, wadda ake kira Fako, ta kai kimanin mita 4,040. Duk faɗin Kamaru da Najeriya da Nijar da Chadi babu dutsen da ya kamo ƙafarsa.

Dutse ne mai aman wuta, kuma har yau wutar ba ta mutu ba. Lokacin da ya tashi a 1909, sai da Jamusawa masu mulki suka kwashe ofisoshinsu daga Buea zuwa Duwala. A 1999 narkakken dutse ya malalo ya datse hanyar mota kusa da ƙauyen Bakingili, ya tsaya dab da teku. A 2000 ma ya sake.

To, me ya hana jama'a ƙaurace masa? Albarkar ƙasa da ruwa. Tokar da ya amayar ita ce takin gonakin ayaba da kwakwar manja da roba da ganyen shayi da ke gindinsa. Iska mai laima kuwa, in ta taso daga teku ta ci karo da shi, sai ta hau, ta yi sanyi, ta zubar da ruwanta. Shi ya sa ƙauyen Debundscha ke samun ruwan sama kusan mita 10 a shekara, alhali Marwa ba ta cika samun mita 1 ba.

Mai hawa yakan fara ratsa kurmi, mazaunin giwaye da birai, sannan ya fito fagen ciyawa, daga nan sai baƙin dutse tsirara da iska mai sanyi. Kurmin nan shi ke riƙe ƙasa kada ruwa ya kwashe ta, shi ke shayar da idanun ruwan da garuruwa ke ɗiba. Saboda haka ne hukuma ta keɓe kimanin hekta 58,000 a 2009, ta mai da wurin gandun daji na ƙasa. Duk da haka masu saran itace da mafarauta masu cinna wa ciyawa wuta ba su daina yi masa illa ba.

Aman wuta ba a hannun ɗan Adam yake ba, amma gatari da ashana suna hannunsa. In kurmi ya ƙare, manomi da mai tulu ne za su fara ji a jikinsu. Sai mun haɗu a fitowa ta gaba.